Ƙwayar da Likita Ta Hana

Ɗakin ba shi da taga. Gado ɗaya ne a ciki da kujera ɗaya, sai na'urar da ke tsaye a gefe tana gurnani ƙasa-ƙasa, irin na injin wanki a otal ɗin da Umma take aiki. Jinin 'yarta Auta yana fita ta hannun dama, ya bi wani siririn tiyo ya shiga na'urar, ta juya shi ta tsame abin da take so, sauran ya koma ta hannun hagu. Abin da aka tsame yana taruwa ɗigo-ɗigo a wata 'yar jaka da aka rataye a sama.

"Kar ki lanƙwasa hannu ko ɗaya," in ji nas ɗin, wata mai jiki da ke tafiya kamar ƙasa za ta ji ciwo. "Har yamma muna tare."

"Sista, kin shanya ni kamar wanki," in ji Auta. "Umma, zo ki duba ko na bushe."

Nas ta yi dariya, sannan ta yi tambayar da take yi wa kowa. "Ƙwayar sikilar nan da Likita ta ce a tsayar, yaushe rabonki da ita?"

"Wata biyu cif," Auta ta amsa. "Ko kewarta ban yi ba."

Umma ta sunkuyar da kai tana gyara zaman jakarta a cinya. Ba wata biyu ba ne. Ita kaɗai ta san haka a ɗakin.

Da nas ta fita, sai ɗakin ya ƙara matsewa. Umma ta zauna tana kallon 'yar jakar, bayanin Likita yana dawo mata. Sau uku ta sa aka maimaita mata shi a ranar da aka yi mata shi, don ba ta son ta sa hannu a kan abin da ba ta gane ba.

Likita ta ce a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai rubutun da ya gada, rabi daga uba, rabi daga uwa, kuma da shi jiki yake aiki. A rubutun Auta kuskure ɗaya ne tak, a wurin da ake koya wa jiki yin jini. Shi ya sa jajayen ƙwayoyin jininta suke lanƙwashewa kamar lauje, su cushe a jijiya, ciwon ya taso. To, jini a ɓargo ake yin sa, kuma akwai wasu ƙwayoyi a can da Likita ta kira uwayen jini. Su za a koro daga ɓargon da allura, na'ura ta tace su, a aika da su ɗakin bincike a gyara musu rubutun. In sun dawo, sai a ba Auta magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon, a mayar mata da nata ƙwayoyin da aka gyara, su zauna su yi ta haifar lafiyayyen jini. Ba na wani za a sa mata ba, nata ne.

"Amma sai mun samu uwayen jinin da yawa," Likita ta ce. "Ƙwayar da take sha kullum tana rage wa ɓargo gudu. In tana jikinta, ba za su fito ba. A tsayar da ita gaba ɗaya. Za mu riƙa yi mata ƙarin jini a madadinta."

Umma ta ce to. Da zuciya ɗaya ta faɗa, Allah ya sani.

Sai dai yayan Auta, ɗanta na fari, ciwon nan ne ya tafi da shi, a watan da ƙwayar ta yanke a kantunan magani. Likitoci sun ce ba lallai ne rashinta ya jawo ba. Umma ta ji su da kunne. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Tun daga lokacin ba ta yarda Auta ta tsallake ko rana ɗaya ba. Yarinyar kuwa tun tana ƙarama in ta ga magani sai amai, don haka suka saba: da safe ta rufe ido ta buɗe baki, Umma ta zuba mata magungunan ranar, ta bi ta da ruwa. Yanzu shekararta goma sha bakwai, tana shirin jarrabawar fita sakandare, har gobe haka ake yi.

Makonnin farko Umma ta cika alkawari. Ta riƙa ba ta sauran magungunan, ta bar wadda aka hana. Sai wata rana Auta ta dawo daga makaranta tana jan ƙafa, idanunta sun yi ɗorawa, ta kwanta ba ta ko cire takalmi ba. Washegari hannun Umma ya ƙara ƙwayar a cikin sauran. Ta ce wa ranta sau ɗaya ne. Daga baya ta ce jikin da ya saba da abu shekara da shekaru ai ba a raba shi da shi farat ɗaya, a hankali ake janyewa. Ta koma ba ta yau, ta tsallake gobe da jibi. Ta ƙarshe, a makon jiya ne.

"Umma, kin yi shiru kamar an aiko ki da saƙon mutuwa," in ji Auta. "Kalli jakar can. Da su za a yi mini sabon jini. In na warke gudu zan fara koya. Ke zan fara tserewa."

"Allah ya nuna mana."

"Amin ɗin ma ni zan ce? To, amin."

Umma ta tashi ta je bakin ƙofa. Ba za ta iya fita ba, an ce dole babba ya zauna da yarinyar har a gama. Ta dawo ta zauna. In ta yi magana, ƙila a kashe na'urar, a ce sun karya sharaɗi, a ba wani gurbin da suka shekara suna jira. In ta yi shiru, ƙila ƙwayoyin su isa, maganar ta mutu a cikinta. Ƙila kuma a aika da abin da bai kai ba, a share wa yarinya ɓargo a kansa. Ba ta san ko haka yana yiwuwa ba, kuma ba wanda za ta tambaya ba tare da ta tona kanta ba. Gaba kura, baya sayaki. Na'urar tana ta juyi abinta.

Da rana ta raba, nas ta zo ta ɗebi kaɗan daga jakar a sirinji ta tafi da shi. Bayan wani lokaci ta dawo tare da Likita. Likita ta tsaya a ƙarshen gadon, ta cire tabarau ta goge da gefen rigarta.

"Mun ƙirga abin da ya taru," ta ce. "Ya yi kaɗan ƙwarai. Yakan faru, wani ɓargon rowa gare shi. Amma ina so in tabbata. Babu wani magani da kika sha wanda ban sani ba?"

"Babu, Likita. Abin da Umma ta ba ni kawai."

Likita ta juyo. Ta zuba wa Umma ido tana jira.

"Na ba ta," in ji Umma. "Wadda kika hana. Ba kullum ba."

"Yaushe ne na ƙarshe?"

"Makon jiya."

Auta ta yunƙura, na'urar ta yi ƙara, nas ta yi maza ta danne mata hannu. "Kwanta, 'yar nan, kwanta! Za ki fasa jijiya."

"Umma?" Muryar Auta ta sirance. "A bakina? Idona a rufe?"

"Ƙafarki ce ta fara, Auta. Na ga idonki ya..."

"Ai na gaya wa Likita ƙafar! An ƙara mini jini! Kina wurin!"

Likita ta ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit in ban da na'urar. Ta ja numfashi. Babu faɗa a muryarta, kuma Umma ta fi son a ce da faɗan.

"Gara da kika faɗa, Mama. Da na ɗauka ɓargonta ne ba ya bayarwa, da ƙila na ce ba za ta iya wannan magani ba kwata-kwata. Ba ma share ɓargon kowa sai mun ga ƙwayoyi isassu a hannu, wannan ki kwantar da hankalinki. Na yau za mu ƙarasa, mu adana ɗan abin da muka samu. Amma lissafi ya koma farko. Wata biyu babu ƙwayar, sannan a sake ɗiba. Gurbin ɗakin binciken zan roƙa a ɗaga mana. Ban yi alkawari ba."

"Jarrabawata fa?" in ji Auta.

"Za ta faɗo a tsakiya. Ki yi haƙuri."

Likita ta fita. Auta ta kafa wa rufin ɗakin ido, hannuwanta a miƙe a gefe da gefe. Can Umma ta zuge jakarta ta ciro kwalbar ƙwayar, ta miƙa wa nas da hannu biyu. Nas ta karɓa ta jefa a aljihu.

"Sauran fa?" in ji Auta, ba ta juyo ba. "Na san ki, Umma. Ba kya ajiye guda ɗaya."

"Akwai a kabad ɗin kicin, bayan kofuna."

"Sai ina?"

"A akwatin ajiyata na wurin aiki. Da ƙarƙashin katifata."

"Shi ke nan?"

Umma ta dubi tiyon, jini yana tafiya a cikinsa a hankali. Akwai wadda ta saya ranar da ƙwayar ta dawo kantuna, mako guda bayan an yi jana'iza. Ta daɗe da lalacewa, ko buɗe ta ba a taɓa yi ba.

"Akwai ɗaya a aljihun rigar makarantar yayanki."

Nas ta juya tana duba na'urar da ba ta buƙatar dubawa.

"Har ita," in ji Auta. "Gobe ki kawo wa Sista duka."

Umma ta gyaɗa kai, ta mayar da jakar cinyarta. Yamma da saura.