Harawar Jibo

A bazarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, wani Bature ya sauka a Kekun Waje da akwati mai ƙafa uku. Wai in an juya wa akwatin hannu, sai ya kama mutum har da motsinsa, a je a nuna a Turai. Abin da Baturen ke so shi ne makiyayi zaune a bakin wuta da dare, shanu a bayansa. Mai gari ya duba ya ga rugar Jibo ce mafi kusa, sai ya aika masa.

Jibo bai so ba ko kaɗan. To amma a rijiyar garin shanunsa ke shan ruwa, kuma mai gari ne ya yarje masa. Ciyawa ta ƙare a daji. Abin da ya rage masa shi ne harawar da shi da matarsa Inno suka ɗaure tun kaka, suka jibge a kan tsamiyar gefen garke. Da ita yake lallaɓa shanun zuwa faɗuwar ruwa, musamman farar saniyar da ta haihu kwanan nan.

Bayan magariba Bature da mutanensa suka iso, har da mai gari da tabarmarsa. Tafinta, Malam Lukuman, ya zana da'ira a ƙasa da sanda.

"Nan za ka zamna," in ji shi. "In Bature ya fara juya hannu, kak ka tashi, kak ka waiwaya. In hoton ga ya ɓaci, mai gari za a tambaya."

Jibo ya zauna kusa da 'yar wutarsa ta kullum, ta kashin shanu, mai hayaƙin korar ƙuda. Bature ya leƙa cikin akwatin, ya girgiza kai. Ashe akwatin nan da ake ta zuzutawa dundumi gare shi, ba ya gani da dare. Aka hura wuta biyu manya, dama da hagu, inda hoto ba zai kama su ba. Aka sa ƙarti suka riƙe farin yadin alawayyo don hasken ya dawo kan fuskar Jibo. Itace ya ba da garwashi, Bature ya ce harshen wuta yake so, dogo, mai haske. Aka zuba kara. Wuta ta tashi, ya fara juya hannu, akwatin na ƙara kamar ana kaɗa mazari.

Kara kuwa ba ya jimawa a wuta. Nan da nan hasken ya fara ja da baya, Bature ya yi tsawa ba tare da ya saki hannun ba. Masu zuba wuta suka shiga dube-dube, sai ɗayansu ya ɗaga kai.

Jibo bai waiwaya ba, amma ya ji faɗuwar damin farko daga kan tsamiya. Ya san ƙamshin. Ganyen wake ne busasshe, yana ci bal-bal, fari tas, daidai yadda Bature ke so. Jibo ya saci kallon mai gari, mai gari ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tabarma. In ya tashi, ya kunyata mai rijiya a gaban baƙo. In ya zauna, abincin shanu ne ke tafiya. Ya ji muryar Inno daga bukka, ta kira shi sau ɗaya a hankali, ba ta ƙara ba don kunyar maza.

"Bature shina cewa ka yi dariya," in ji Malam Lukuman. "Ka ɗauki ƙwaryag ga ka sha, kamar kana jin daɗi."

Jibo ya ɗauki ƙwaryar nono, ya buɗe haƙora. Zafi na gasa masa kunci ta ɓangare biyu. A bayansa farar saniya ta shaƙi ƙamshin harawa, ta fara kuka tana jan igiya. Dami na bin dami, shi kuwa yana cikin da'irarsa.

Da tsamiya ta zama wayam, wuta ta kwanta, Bature ya saki hannun akwati. Ya daɗe yana magana yana share gumi. Jibo ya miƙe da ƙyar, ƙafafunsa sun yi tsami.

"Malam, an gama ke nan?"

Malam Lukuman ya sosa ƙeya, bai dube shi ba.

"Ya ce dud da haka hasken bai isa ba, da wuya in akwatin ya kama komi. Gobe da hantsi za a sake, da 'yar wutakka ta kullum. In sun koma gida akwai shunin da za su tsoma hoton ciki, shi koma kamar dare." Ya nuna ƙasa da sanda. "Kak ka share zanen ga. Kuma ya ce a ba shanun abinci da sahe, kada su yi ta kuka."