Shagon da Na Zaɓa da Bakina

Ni ce na fara ɗora tukunya a bakin ƙaramar ƙofar kwalejin nan ta Kazaure, duk wanda ya ce ba haka ba ne ya zo ya faɗa a gabana. Lokacin babu komai a wurin sai sabara da wata darbejiya. Ɗalibai su fito daga ɗakunan kwanansu ta wannan ƙofa, yunwa na cin su, su tarar da ni, Ikilima, da shinkafa da wake da mai da yaji. Daga baya mai shayi ya zo, mai gyaran takalmi ya zo, Helen ta zo daga kudancin Kaduna da injin kwafinta ta kafa rumfa a jikin tawa. Kafin a ankara wuri ya zama kasuwa. Da tukunyar nan na aurar da 'ya'yana, da ita kuma nake riƙe da jikoki tun da maigidana ya rasu.

Muhammadu Lawal ma ni na kawo shi. Ɗan kawuna ne, ni 'yar gwaggonsa, taubasai ke nan, tare muka tashi a Kanya Babba. Noma ya gagare shi, na aika masa ya taho, na matsa masa gefen rumfata ya jera sabulu da sukari da madarar gwangwani. Allah ya sa wa abin albarka, ya je Makka, har ya zama shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa. Kowa Alhaji, Alhaji. A bakina kuwa bai taɓa wuce Sarkin Rowa ba, shi kuma baiwarsa yake ce mini, wai don ni 'yar mace ce shi ɗan namiji. Ba mu taɓa gaisawa irin ta mutane ba.

"Baiwa, yau ma tsakuwa kika dafa wa 'ya'yan mutane?"

"Tafi can, kai da ba ka taɓa sayen kwano ɗaya ba, kullum sai lasar ludayi."

Gaisuwarmu ke nan ta safe. Ranar da ban ji ta ba sai in aika a duba ko lafiya.

Da aka ce za a rushe rumfuna a gina shaguna na zamani, hankalin kowa ya tashi ban da nawa. An yi alkawari duk mai rumfa zai sami shago, kuma Muhammadu Lawal yana cikin masu zama da ɗan kwangila. Na ce wa Helen, "Ke kwantar da hankalinki, namu na ciki." Aka kwashe mu aka zube a wani fili kusa da tasha. Damina ta yi mana dukan da ba zan manta ba, itace ya jiƙe, ɗalibai ba sa iya zuwa. Maginan da ke aikin ne ma suka riƙa zuwa cin abinci, da su na lallaɓa har aka gama.

Gini ya fito, layi biyu dogaye suna kallon juna. Kansu yana daidai bakin ƙaramar ƙofa, wutsiyarsu kuma can ƙasa wajen kwata da bola, inda awaki ke kwana. Tafiya ce mai ɗan nisa, ni dai sai na huta a hanya. Ko yaron goye ya san shagon da ke kallon ƙofa shi ne shago, na wajen bola kuwa sai dai wanda ya rasa.

Ranar rabo muka taru a ƙarƙashin darbejiyar, don ita kaɗai aka bari. Samarin cikinmu suka ce a yi ƙuri'a, kowa ya ɗauki rabonsa. Sai Muhammadu Lawal ya miƙe ya gyara babbar riga.

"Ba za a yi ƙuri'a da manyanmu suna zaune ba," in ji shi. "Ba haka muka taso muka gani ba. Wanda ya riga zuwa wurin nan shi zai fara zaɓa, a bi a hankali har a zo kan na ƙarshe. Yaya Ikilima ce ta buɗe kasuwar nan. Ni kuwa tunda kun ɗora mini shugabanci, abin da kowa ya bari shi ne nawa."

Yaya Ikilima. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin ya kira ni haka ba. Wallahi sai da na sa bakin mayafi na share ido. Na tashi a gaban jama'a na nuna shago na farko, wanda in ka tsaya a cikinsa kana ganin masu fitowa daga ƙofa. Helen ta ce ita na jikin Mama take so. Aka yi ta bi har aka ƙare, shi ya tashi da na can wutsiya. Mutane suka yi ta sa masa albarka, wani tsoho har ya ce irin wannan shugaba sai an tona.

Ina riƙe da makullina ya zo wucewa yana dariya.

"Baiwa, ki bar nan ki biyo ubangidanki can ƙasa, kin ga sai ki riƙa share mini gaban shago."

"Ni da bola? Kai dai kuka dace da ita, je ka awaki na jiran ka."

Kowa ya kwashe da dariya, har da shi.

Na sayar da awakina na sa aka yi mini bencuna da tebura, aka shafa fenti, na sayi manyan kuloli sababbi. Na ɗan ɗana kuwa, ba zan yi ƙarya ba. Kafin azahar tukunya ta ƙare, in sake ɗora wata. Har na fara cewa ashe akwai sauran hutu a gabana.

Ɗalibai na tafiya hutu, wata safiya na ga mota ta sauke bulo da yashi a bakin ƙaramar ƙofa. Cikin masu saukewa akwai Zaharadeen, wani magini ɗan Roni da ya saba cin abincina tun a filin tasha. Na ce gyara za a yi wa ƙofar?

"Toshe ta za mu yi, Inna."

"A toshe ta ɗalibai su bi ta ina?"

"Ta sabuwar mana. Can ƙasa wajen bola, inda sabuwar kwalta za ta wuce. Yanzu haka ana fasa katangar." Ya dube ni, ya ga yadda na yi. "Au, ba ki sani ba? Ai tun ranar da aka auna fili aka faɗa, ba a ma haƙa harsashi ba. Alhajinku yana tsaye, shi ya riƙe mana bakin igiya."

Ban san lokacin da ludayi ya faɗi daga hannuna ba. Na ce ya maimaita, ya maimaita, yana ta sosa ƙeya don ya gane ya yi ɓarin zance. Ban ko rufe tukunya ba na kama hanya. Ran nan ban huta a tsakiya ba.

Na tarar an kwashe bolar tas, an rufe kwatar da siminti. Ga katangar makaranta an fasa ta, faɗin da mota biyu za su wuce, daidai saitin shagon Muhammadu Lawal. Yana zaune a kan farar kujera yana kallon masu aiki.

"Baiwa, wa ya aiko ki da tsakar rana?"

"Muhammadu, ka san za a toshe ƙofata?"

Ya daina dariya. Ya kalli masu aiki, ya kalli ƙasa, sannan ya ce mu shiga ciki. Na ce a nan zan ji.

"Ai na gaya miki," in ji shi. "A gaban jama'a na ce ki bar can ki biyo ni. Ke kika ce ba ki da haɗi da bola."

"A wasa ka faɗa."

"To ni da ke mun taɓa yin wata magana ba a wasa ba?"

Nan ne na ji abin ya soke ni. Ashe ya shirya har da abin da zai ce ranar da na gane. Ya san in ya faɗa da wannan bakin ba zan ɗauka ba, shi ya sa ya faɗa da shi. Ya san in aka yi ƙuri'a shagon ƙasa zai iya faɗawa hannun kowa, shi ya sa ya tuna da girman manya. Ya ɗaga ni sama a gaban mutane don in zaɓi asarata da bakina, kuma in gode masa.

Na ce, "Gidana ka manta hanyarsa? Da ka zo ka zauna a tabarma ka ce, Ikilima, ga abin da ake ciki."

"An ce kada mu faɗa. Kuma ke kin san bakinki. Da na gaya miki da safe, kafin la'asar Kazaure duk ta ji, kowa ya ruga ƙasa. Ni ma ina da iyali."

Bakina ba ya riƙe magana, wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma da bakin nan na roƙa masa wuri lokacin da ba shi da ko tabarma a garin nan. Na so in faɗa masa haka, na so in faɗi abin da ya fi haka. Na juyo ina jin yana cewa in tsaya mu yi magana.

Ɗalibai suka dawo, suka bi sabuwar ƙofa. Wa zai hau tudu ya yi wannan tafiya saboda shinkafa da wake, alhali ga masu abinci sun cika ƙasa? 'Yan kaɗan da suka saba da hannuna suka ɗan jure, su ma suka gaji. In zauna tun safe ina kallon sabon bulo, ba a ko shafe shi ba. In rage awo, abinci ya yi saura, in sake ragewa, ya sake yin saura. Jikokina suka ci shinkafa da wake har suka fara kuka in sun gan ta.

Helen ce ta fi ba ni tausayi. Injinta ya yi kwana da kwanaki ba a kunna shi ba. Ranar da ta kira mai kura ya ɗaure kayanta, ta shigo ta riƙe hannuna.

"Mama, ni ban ga laifinki ba. Ke na bi, ke ma wani kika bi."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan tafiyarta Muhammadu Lawal ya hawo da kansa. Ya tsaya a bakin shago yana kallon bencina a kife. Ya ce barandarsa tana da faɗi, in sauko da kulolina in zauna a gefe, ba ya son komai. Na san abin da ya hango. Duk wanda ya ci abinci zai nemi ruwa da lemo, ga su a firjinsa. Zuciyata ta ce in watsa masa ruwan wanke-wanke. Amma yara ba su san zuciya ba, cikinsu suka sani. Na ce na ji, zan sauko.

Washegari na sauka da kulolina, na shimfiɗa buhu a gefen barandar, daidai yadda ya taɓa zama a gefen rumfata. Ya iso da hantsi, mutane cike da wurin. Ya washe baki tun daga nesa.

"Ah to, baiwa ta dawo gidan ubangidanta. Ina tsintsiyar?"

Na ajiye ludayi, na gyara mayafi, na rusuna har ƙasa.

"Ina kwana, Alhaji. An tashi lafiya? Yaya iyali? Yaya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi."

Dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya amsa a daburce ya shige ciki.

Haka nake gaishe shi kullum, safe da yamma, ban taɓa fashi ba. Ya yi tsokanar duniya, ya ce abincina gishiri ya yi yawa, ya ce na tsufa, ni dai sai in ce Allah ya huci zuciyar Alhaji, za a gyara. Ciniki yana tafiya daidai gwargwado, yara suna ci. Shagona na can sama a kulle, ko hanyar ba na bi.

Rannan da yamma, bayan mutane sun ragu, ina wanke kwanuka ya fito ya tsuguna kusa da ni. Babban mutum da shi, riga tana jan ƙasa.

"Ikilima, don girman Allah ki zage ni. Ko sau ɗaya."

Na ɗauraye kwanon da ke hannuna na kife shi a kan 'yan uwansa.

"Wane ni, Alhaji," na ce.