Lambar da Aljanun Otal Suke So

Duk bayan minti huɗu da daƙiƙa ashirin, talabijin ɗin kowane ɗaki a wani otal na garin Hat Yai sai ta daskare, ta yi daƙiƙa arba'in kafin ta farfaɗo. Maigidan ya ce wa Duangjai, injiniyar otal ɗin, in aka kai damben da za a nuna ranar Asabar a haka, ta tattara nata ya nata.

Ita kuwa tun ranar farko ta gano cutar. Na'urar da ke rarraba hoto tana tambayar ɗakuna ko akwai mai kallo duk daƙiƙa ɗari uku, alhali sauran na'urorin haƙurinsu ɗari biyu da sittin ne, daga nan su datse. Gyaran minti ɗaya ne. Sai dai wanda ya saka lambar Kawu Prasong ne, yayan matar maigida, kuma shi ke riƙe da kalmar sirri. A garin nan ba a ce wa babba ya yi kuskure, ko da gini zai rufto.

"Kawu, ko a ɗan duba agogon tambayar?"

"Ke, tun ba a yaye ki ba nake wannan aiki. Aljanu ne."

Har jan lemo ya ajiye musu a gaban na'urar, da tsinken zuƙa. Baƙin ciki kamar ya kashe Duangjai.

Ranar Juma'a aka ɗauko malami daga haikali ya yayyafa ruwa. Tana ganin ƙoƙon kan nan da aka aske ta gane shi: Thawatchai ne, ɗan ajinsu, injiniyan da ya ɗauki hutun wata uku ya shiga rawayar rigar malaman haikali don nema wa mahaifiyarsa lada. Ta juyo masa da allon kwamfuta, ta nuna masa lambar.

Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ido.

"Mutanen ɓoyen gidan nan ba sa shiri da ɗari uku. Ɗari da ashirin da biyar suke so."

Kawu ya buga lambar da kansa. Minti biyar, minti goma, hoto bai ƙifta ba.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Karatun banza! Je ki ƙaro musu lemo."

Ta je ta sayo, har kwalba biyu.