Sandar Rataye Albasa

Tun maulidin bara ba wanda ya ƙara kiran Haridi da sunansa. Abokin karawarsa Zaglul ne ya karya masa sanda gida biyu a filin wasan sanda na tahatibi, gaban masu algaita da duk mazan ƙauyen, shi ke nan ya zama Mai Guntu. Har surukinsa haka yake kiransa, don rashin ta ido! Abin ya ci masa rai, har ya rantse in ya sake shan kunya bana, ya bar wasan sanda har abada.

Ya karaɗe kasuwar garin Ƙina kaf yana neman sabuwar sanda. Ga gora birjik sai sheƙi, amma duk wadda ya buga da ƙasa sai ya ji holoƙo ce. Bagaruwar da ya saro kuma ɗanya ce, ko mako ba ta yi ba ta tsage.

Ana gobe maulidi ya zauna zugum a madafa, matarsa Husniya na gasa gurasa. Can idonsa ya faɗa kan wata sanda baƙa ƙirin a saman tanderu, inda take rataye albasa da tafarnuwa.

Ya dubi Husniya. "Uwar Shahhat, wannan fa daga ina?"

"Reshen lemun tsamin babana ne. A watan Tuba ya sare shi, cikin tsananin sanyi, lokacin da icce ba ya riƙe ruwa. Tun ina amarya take shan hayaƙi a nan. Kul ka taɓa min!"

Ina! Tuni ya sauko da ita ya buga da ƙasa. Ta amsa ƙwal.

"To albasar fa, a wuyanka zan rataye?"

"Rataya, wallahi na yarda."

Washegari da suka shiga fili, Zaglul ya toshe hanci. "Mai Guntu, yau a madafa aka yo aro? Warin tafarnuwa har nan!"

Aka kwashe da dariya. Suka zagaya juna, ganga na tashi. Zaglul ya kawo sara da iya ƙarfinsa, Haridi ya tare da hannu biyu a saman kai. Ji kake ƙaras! Haridi ya ɗaga ido. Tasa lafiya lau, ta Zaglul ce ta dare har gindi. A hankali Haridi ya miƙa sandar ya ɗan taɓa rawanin Zaglul.

Fili ya ruɗe. Zaglul ya yar da guntun ya rungume shi. "Ka ci, Haridi."

"Me ka ce? Algaita ta cika min kunne."

"Na ce ka ci, Haridi!"

Daga kan soro guɗar Husniya ta danne ta sauran matan duka. Daɗi ya kashe Haridi, sai ga dattijo yana rawa da ƙafa ɗaya, sanda a sama.