Turmin Innar Saude

Duk wanda ya taɓa cin ƙuli-ƙulin Saude a gidan suna ya san matar nan ta iya. Ga garɗi, ga yaji daidai, ba ya karya wa tsoho haƙori. Amma in ta kai shi kasuwar Anka, sai ta wuni tana korar ƙuda. Mai saye zai tsaya, har ya miƙa hannu, sannan ya tambayi daga ina. Da ta ce Abare, sai ya tuna yana sauri.

Mutane ba su manta ba. Shekarun baya masu neman zinari sun riƙa dakan duwatsu a cikin gidaje, gubar dalma ta shiga abinci, yara suka yi ta mutuwa. An zo an kwashe ƙasar tsakar gida an zuba sabuwa, amma sunan garin bai wanku ba. Saude kuwa mijinta ya rasu, gona ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga. In ƙulin nan bai sayu ba, 'ya'yanta ba su da abin ci.

Masu man gyaɗa da ƙuli suna da layinsu a kasuwar, da ƙungiyarsu, da injin niƙa nasu na kansu. Al'adarsu ɗaya ce: sabuwar zuwa ba ta zama a layin sai shugabarsu, Inna Baraka, ta ɗauki ƙuli daga farantinta ta ci a gaban jama'a. Baraka kuwa tsohuwa ce mai baki, ba ta iya lallashi ba ko da wasa. Saude ta durƙusa gabanta ta miƙa faranti.

"Ɗiyata, ɗauke," in ji Baraka. "Ba ni cin abin da ban ga inda anka yi shi ba. Gobe ina tahe gidanki."

Ta kuwa zo, a bayan mashin, tana ta yi wa direba faɗa kan ramuka. Ba ita kaɗai ba: ta taso da Malam Sahabi, ma'aikacin lafiya mai riƙe da na'urar auna dalma, wanda yake auren ɗiyar ƙanwarta. Suruki ai ba ya ce mata yana da aiki.

Sahabi ya ɗora na'ura a ƙasar tsakar gida, lafiya lau. Ya gwada buhun gyaɗa da kaskon suya, duk ƙalau. Saude har ta fara murmushi. Sai ya leƙa turmin da take matse mai a ciki, ya ɗora, ya ɗaga, ya sake ɗorawa, na'urar ta nuna dalma.

Turmin na mahaifiyarta ne, shi kaɗai ta gada. Lokacin zinari maƙwabta sun ara sun daka dutse. Da aka dawo da shi ta wanke da toka da ruwan zafi, ta shanya a rana, ta ɗauka magana ta ƙare. Ashe gubar ta shige cikin tsagar itacen ta yi zamanta.

Kunya ta kama Saude, ga tsoro, domin masu gudun ƙulinta ashe suna da gaskiya. Ta sunkuyar da kai tana jiran bakin Baraka.

Tsohuwar ta ce, "Mi kike jira? Ki zaɓa, ko turmi ko sana'a."

Saude ta tashi. Ba ta bari kowa ya taɓa ba, ita ta mirgina turmin har bakin ƙofa tana hawaye, Sahabi ya ɗaure shi a mashin don a binne inda ake binne irinsa. Ya kai yaranta aka duba jininsu, Allah ya taƙaita, abin bai yi nisa ba. Matan ƙungiya suka ba ta ranar niƙa a injinsu, wata ta ara mata sabon turmi, Sahabi ya dawo ya gwada komai tun daga ludayi.

Ranar kasuwa Baraka ta tsaya tsakiyar layi, ta jira sai da wuri ya cika maƙil. Ta ɗauki ƙulin Saude ta gatsa, ta tauna a hankali da sauran haƙoran da suka rage mata, ta ƙara na biyu ba a roƙe ta ba.

"Na Abare ne," ta ce da ƙarfi. "Yaji ya ɗan yi yawa. Ku matsa mata ta zauna."

Kafin la'asar faranti ya koma wayam. Saude ta rasa inda za ta sa kanta don daɗi.

Bayan wasu makonni mata uku daga Abare suka iso layin da farantansu, kowacce an riga an gwada mata kayan aiki, domin Saude ta bi su gida-gida da Sahabi. Suka durƙusa gaban Baraka. Tsohuwar ko kallon farantan ba ta yi ba, ta nuna Saude da haɓa.

"Ke kika ga inda anka yi shi," ta ce. "Ke za ki ci musu."