Rumbun da Dije Ta Cika

Kantar da ke tafin hannun Dije ba ta yi laushi ba, duk da daɗewar da ta yi a kwance. Asabe maƙwabciyarta ta lura da haka sa'ad da take riƙa mata ludayin kunu. Jiki duk ya zube, wuya ya koma kamar sillen kara, amma tafin nan yana nan da taurinsa.

"Ƙara kurɓa ɗaya, Yaya."

"Ke dai kin cika naci. Ajiye. Ba kunu nake so ba."

Danga ce kawai ta raba gidajensu a Ɗansoshiya, kuma tuni Asabe ta yi wa dangar kafa. A shekarun nan da gyaɗa ta yi daraja, motoci suna kwasarta zuwa Kano, duk magidancin da ya ji nauyin aljihunsa sai ya sa matarsa a kulle. Asabe tana cikin waɗanda aka kulle. Dije kam ba wanda ya kulle ta, don tun shekarar da agana ta cinye idanun mijinta Gwadabe, ita ce gonar gidan. 'Ya'yanta maza ba su rayu ba, 'yarta tana aure a Kiru. Ita ke sharar gona, ita ke shuka, ita ke noman fari da maimai, ita ke ɗaure dammi ta ɗauko a ka.

Amma da ta iso gindin rumbu sai ta sauke, ta koma gefe. A garin mace ba ta leƙa rumbu. Wasu su ce albarka ke gudu, wasu su ce in ta ga yawan hatsi sai ta daina aune. Ubale, ƙanin Gwadabe, shi ke hawa ya jera, shi ke fito mata da na girki. Mutane kuwa in suka wuce sai su ce, "Kai, rumbun Gwadabe bana ma ya ƙoshi."

Dije ta juya idonta wajen ƙofa, inda rumbun ƙasa ke zaune a kan duwatsunsa.

"Asabe, so nake in ga cikinsa."

"Cikin me?"

"Kin ji ni. Duk damin da ke ciki ya hau kaina. Ban taɓa ganin inda suke kwanciya ba. Je ki gaya wa Malam."

Asabe ta miƙe a sanyaye. Ita da ko gaisuwa a zaure sai muryarta ta maƙale. Ta ja mayafi, ta je ta durƙusa a bayan ƙofar zaure. Gwadabe yana tufkar igiya, Ubale yana gefensa yana ɓare gyaɗa. Ta gaishe su, ta faɗi saƙon cikin ƙaramar murya.

Ubale ya yi dariya. "Zafin ciwo ne. Ki ba ta jiƙo."

"Da hankalinta ta faɗa."

"To, da hankalina nake amsawa. Yau ita, gobe matata, jibi ke. Mijinki Wada ya san kina yawon kai irin wannan saƙo? Macen da ko zama ba ta iyawa, wa zai ɗora ta a tsani? A yi da mu a kasuwar gari?"

Asabe ta jira ta ji ta bakin Gwadabe. Igiyar kawai ta tsaya a hannunsa. Ta tashi ta koma da kunya.

"Ubale ne, ko?" in ji Dije, tun kafin ta zauna. "Ja'iri. Da na shigo gidan nan majina ce a hancinsa, ni na riƙa share masa. Bar shi." Ta juya fuska ga bango.

Bayan la'asar Asabe ta ji ƙwanƙwasar sanda a tsakar gida. Gwadabe ne, gatari a kafaɗa.

"Asabe, shimfiɗa mata tabarma a jikin rumbu. Ki fito da ita, sannan ki zo ki ja min sanda."

Dije ba ta fi nauyin ƙullin kaya ba. Asabe ta jingina ta da turmi, ta jawo tsohon. Ya lalubi kan matarsa, ya lalubi bangon rumbun daidai tsayin fuskarta, ya ce a janye ta kaɗan. Ya yi bismilla, ya sara.

Saran farko ya zame. Na biyu ya ci. Kafin ƙasa ta gama zubowa Ubale ya faɗo gidan, hula a hannu.

"Yaya! Rumbu kake fasawa? Rumbun da Baba ya gina?"

"Baba ya gina, na sani. Wa ya cika?"

Gwadabe ya gyara riƙon gatari.

"Idona ne ya mutu, Ubale, kunnena yana nan. Kullum asuba ina jin fitarta da fartanya. In je masallaci a ce min barka da arziki, in ce barka kadai. To, mai arzikin tana son ganin kayanta. Matsa, kada in sare ka, ba na gani."

Ya ci gaba da sara har kafa ta buɗe, wadda kan mutum zai shiga. Ƙamshin gero ya fito ya cika tsakar gida. Asabe ta tallafo Dije, ta matso da ita.

Dije ta daɗe tana kallo. Zangarniya kan zangarniya, a matse, har inda haske ya ƙare. Ta sa hannu ta zaro ɗaya, ta murza a tafinta, ta hure, ta jefa ƙwaya a baki ta tauna a hankali.

"Kai, mijina na wasa," ta ce wa Ubale, muryarta ƙasa-ƙasa, "ashe haka kake jibge min su? Wannan na bara ne. Ka danne shi a ƙasa, kana ba ni sabo?"

"Ai sauri nake yi," in ji Ubale, yana kallon ƙafarsa.

"Ina ya tsaya daga sama? Ba na hangowa."

Asabe ba ta sani ba, Gwadabe bai sani ba. Mutum ɗaya ne a gidan ya sani. Ubale ya juya hularsa a hannu.

"Har wuya," ya ce. "Da ƙyar na mayar da murfi."

Dije ta lumshe ido. "Har wuya. Malam, ka ji?"

"Na ji, Dije."

Ranar Alhamis da hantsi Dije ta cika, 'yarta da ta iso daga Kiru tana riƙe da kanta. Mata suka yi mata wanka, maza suka ɗauke ta suka fita, gida ya rage na mata zalla. Aka kafa turame don gumbar sadaka, sai aka ga ba geron dakawa. Wata tsohuwa ta ce a jira maza su dawo daga maƙabarta.

Asabe ta dubi kafar. Ta naɗe hannun rigarta, ta durƙusa, ta zura hannu ta fara zaro zangarniya tana miƙa wa 'yar marigayiya. Matan suka dubi juna. Can sai wata ta matso da ƙwarya, wata ta kawo faifai.

Ana cikin haka Ubale ya yi sallama. Daga maƙabarta ya biya ta kududdufi, ga kwandon laka a kansa, zai liƙe kafar. Ya tarar da Asabe, hannunta a cikin rumbu har kafaɗa. Ta ɗago suka haɗa ido. Ba ta zare hannun ba.

Ya tsaya, ruwan laka yana ɗiga masa a wuya. Ya dubi layin matan da ƙoransu. A bayansa taɓarya ta farko ta sauka a turmi, ta biyu ta amsa mata. Ya gyara zaman kwandon a kansa, ya juya, ya bi ta zaure ya fita.