Abin da Ma'azu Ya Haɗiye da Safe

Tun da ambaliya ta cinye shinkafarsa a fadama, Ma'azu ya daina barci, ya daina hira. Ya koma dakon albasa a kan babur daga Illo zuwa ƙetaren Benin, ya dawo ya zauna jugum. Matarsa Batulu ta yi lallashi har ta gaji. Da aka ce wasu likitocin jami'a sun sauka a wani ƙaramin asibiti kusa da garin suna bincike kan ciwon damuwa, ita ce ta matsa masa ya je.

Mahaifinsa, Baffa Attahiru, ya ce zai raka su. Nan ne maganar ta fara lalacewa. Ma'azu ɗan fari ne, kuma Baffa Bafulatani ne na gaske: tun da aka haifi yaron bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan". Batulu kuwa ba ta taɓa buɗe baki a gaban surukinta ba. Ko a hanya ta hango shi, cire takalmi take ta durƙusa ta kau da kai.

Likitar, wata 'yar birni mai fara'a da ake kira Dakta Zubaida, ta yi musu bayani dalla-dalla. Ta ce akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin, wanda ke da hannu a barci da kwanciyar hankali. Ba a iya buɗe kan mutum a auna shi. Saboda haka za a ba Ma'azu ƙwaya ɗaya mai motsa sinadarin, sannan a riƙa ɗibar jininsa kaɗan-kaɗan. Idan ƙwaƙwalwar ta amsa, wani sinadarin da ake kira furolaktin zai hau a cikin jinin. Kamar jefa guga a rijiya ne, in ji ta, daga abin da ya fito ake sanin abin da ke ƙasa.

Don girmamawa, ta sa aka kawo wa tsohon kujera har cikin ɗakin. Ita a ganinta ta kyauta. A gabansa ta tambayi Ma'azu ko ya zo da yunwa kamar yadda aka ce, ya ce e. Ta tambaye shi ko yana shan wani magani, ko wata ƙwaya, kowace iri ce, domin akwai waɗanda ba sa haɗuwa da tata. Ma'azu ya sunkuyar da kai ya ce a'a.

Batulu tana tsugune a bakin ƙofa. Da idonta ta ga ya haɗiyi tramol biyu da safe a bayan rumbu, irin wanda masu dako ke sayowa a ƙetare don kada su ji gajiyar hanya. Amma ina za ta faɗi wannan a gaban Baffa? Ta ce wa ranta ai kullum yana sha, bai taɓa yi masa komai ba. 

Aka sa masa allura a hannu, aka ɗebi jinin farko, ya haɗiyi ƙwayar likita. Aka ce ya kwanta kawai, kada ya yi barci. Da farko lafiya lau. Sai da rana ta fara zafi Batulu ta lura gumi ya jiƙe masa riga. Can haƙoransa suka soma haɗuwa. Ƙafafunsa suka kama zillo su kaɗai a kan gadon, idanunsa suka buɗe warwar, yana kallon mutane bai san su ba.

Fara'ar Dakta Zubaida ta ɗauke. Ta taɓa goshinsa, ta lanƙwasa tafin ƙafarsa, ƙafar ta yi ta karkarwa ba ta tsaya ba. Ta ce ƙwayarta ita kaɗai ba ta yin haka. Ta juya ga tsohon ta tambaye shi ko ɗansa yana shan wani abu.

Baffa Attahiru ya dafa sandarsa. "Gidana ba mu san wanga abu ba, likita. Wancan ko taba bai sha."

"Baba, in ban san abin da ke jikinsa ba, a duhu zan yi masa magani. Wata allurar ƙara masa za ta yi." Ta dubi ƙofa. "Zafin jikinsa hawa yake. Ba mu da lokaci."

Tsoro biyu suka haɗu wa Batulu. Idan ta yi magana, ta tona asirin mijinta a gaban ubansa, abin da Ma'azu zai gwammace ya mutu da a yi. Idan ta yi shiru, to mutuwar zai yi. Ta so ta kira likitar gefe, amma likitar tana danne da kafaɗun Ma'azu, ba ta da hannun da za ta saki. Gadon ƙarfen sai ƙara yake yi.

Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta juya wa surukin baya. Muryarta ta fito kamar ba tata ba.

"Tramol na. Biyu ya sha da sahe. Kullum shina sha."

 Likitar ba ta tsaya faɗa ba. Ta ba da umarni aka kawo wata allura mai kwantar da jiki, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka ce Batulu ta jiƙa zane ta riƙa goga masa. Tana gogawa, ba ta yarda ta ɗaga kai ba.

Sai ta ji kujera ta motsa. Tsohon ya taso, ya ajiye sandar, ya kama hannun ɗansa.

"Ma'azu," in ji shi a hankali. "Ma'azu."

Duk tsoron da Batulu ta ji a ranar bai kai wannan ba. Ta san tsohon ba zai furta sunan nan ba sai ya ɗauka sallama ce.

Sai wajen la'asar zafin ya sauka, ƙafafun suka lafa. Dakta Zubaida ta ce ya tsallake, za a kai shi babban asibiti ya kwana. Ta faɗa wa ma'aikatanta cewa daga yau ba za ta ƙara yi wa kowa tambaya a gaban iyayensa ba. Tsohon ya fita yin salla.

Da Ma'azu ya buɗe ido, ba matarsa ya fara nema ba. Kujerar ya duba, ya ga ba kowa.

"Baffa ya jiya?"

"Ya jiya. Ni na hwaɗi, da bakina."

 Batulu ta shirya wa duk abin da zai biyo baya, har da a ce ta tattara kayanta.

"Mi yac ce?"

"Bai ce komai ba. Sunanka yak kira."

Ma'azu ya ɗaga hannun da ba allura ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Batulu ta zabura za ta kira likita, sai ta ga kuka ne.